Wa Zai Riƙe Shi Bayan Uwarsa?

A ƙasar Kano, idan mutum ya yi abin da ba a gane ba, sai ka ji an ce, "A kai shi Dawanau," gama a nan ne asibitin masu taɓin hankali ya ke. Wata mace cikin ekklesiyarmu ta sha jin wannan magana a kan ɗanta mai shekara 14, wanda ba ya iya ƙirga kuɗi, ba ya iya sa tufafi sai an taimake shi, farfaɗiya kuma tana kayar da shi. Ta kai shi. Aka ba shi maganin farfaɗiya, ya kuwa yi amfani, amma aka gaya mata sauran abin ba ciwon da allura za ta raba shi da shi ba ne. Da ta komo ta ce mini, "Fasto, ran da na mutu, wa zai riƙe shi?"

'Yan'uwa, sai mu raba abu biyu. Taɓin hankali ciwo ne, sau da yawa yakan zo bayan mutum ya girma, magani kuwa yana rage shi. Raunin fahimta dabam ya ke, tun ƙuruciya ya ke farawa. Doguwar naƙuda takan kawo shi, da shawara mai tsanani a kwanakin jego, da zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai, da sanƙarau irin wanda ya faɗa wa Kano a 1996. A Zamfara gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010, ta bar waɗansu da lahani a ƙwaƙwalwa. Waɗansu kuwa haka aka haife su. Babu "ɗan ruwa" a cikinsu. Masu neman wanda ya yi zunubi kuma, su duba amsar Ubangiji cikin Yohanna sura 9.

Wani zai ce, "Damina ta kama, kowa yana gona. In ba a kulle shi ba, zai fita hanyar Katsina inda manyan motocin kasuwar hatsi su ke wucewa." Gaskiya ne, ba na kuwa ganin laifin uwar da ta ja ƙofa tana kuka. Laifin yana wuyanmu. Ba a kulle yaro sai inda maƙwabta suka janye hannu. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da labarin mutanen da ta tarar cikin mari a Nijeriya, har da gidajen addu'a na Kirista. Abin kunya ne gare mu ƙwarai. A Janairu na 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana wulakanta naƙasassu. Madalla, amma doka ba ta yi wa yaro wanka.

A 1954 Likita Lambo ya gwada wata hanya a Aro, kusa da Abeokuta. Ya saukar da masu jinya a gidajen mutanen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana. Masu taɓin hankali ne nasa, amma ya nuna ƙauye yana iya ɗaukar mutum in an shirya shi. Mu da gonakinmu su ke gab da juna, me ya hana mu?

Aikin ba mai wuya ba ne, sai dai ba ya ƙarewa. Zumuntar Mata su raba kwanaki, domin uwar ta sami zuwa kasuwa, ko ta yi barci. Wani ya lura kada maganin farfaɗiya ya yanke. A koya masa abu ɗaya, a maimaita sau ɗari ba tsawa: ba awaki ruwa, ɓare gyaɗa, share ɗakin sujada. In ya yi aiki a biya shi, gama na ga masu mai da irinsu jakin gida, ladansu kuwa ƙanzo. 'Yan mata daga cikinsu a tsare su sosai, domin mugu ya san ba za a gaskata su ba.

Amsar tambayar matar nan ba ta samu ba sai da dattawan ekklesiya suka zauna da dangin. Tun uwar tana da rai aka ambaci wanda zai riƙe shi, aka keɓe rabonsa na gona, aka rubuta a gaban shaidu. An tambayi yaron kansa gidan da ya ke so. Ya ce na kawunsa, domin akwai tantabaru.