Zaurancen Ma'aikatan Talabijin: Ko Laifi Ne?

Kowace sana'a tana da maganarta. Wanda ya zauna a maƙera a Kazaure zai ji ana ambaton uwar maƙera da masaba da awartaki da zugazugi. Masaƙi yana da ƙoshiya da kwarkwaro. Dillali a kasuwar Babura kuwa, in an taya dabba ya ce "albarka", kowa ya san bai sallama ba. Ba wanda ya taɓa ganin laifinsu. To, akwai wata sana'a da ta shigo ƙasar nan daga baya, watau aikin shirya labarun talabijin, ita ma da irin nata zaurance. Abin tambaya shi ne, ko daidai ne mutanen da aikinsu ke nan su fahimtar da jama'a su riƙa amfani da kalmomin da jama'a ba su sani ba?

An fara buɗe gidan talabijin a Nijeriya a Ibadan cikin 1959. Na Arewa ya biyo baya a Kaduna cikin 1962. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta haɗa gidajen a ƙarƙashin hukuma guda, ita ce NTA. Daga baya Kano ta kafa nata a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, lokacin ƙasar Kazaure tana cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. Da ya ke na'urorin daga ƙasashen Turawa suka zo, sunayen aikin ma da Turanci suka zo.

Ga yadda abin ya ke in za a karanta labaru. Mai karatu yana zaune gaban kyamara, rubutun yana gudana a kan wani gilashi da ke bakin kyamarar, shi ya sa a ke ganin kamar da ka ya ke faɗi. Can cikin wani ɗaki dabam akwai shugaban aikin, wanda su ke kira darakta, yana magana da masu riƙe da kyamara ta wata 'yar na'ura da ke kunnensu. In ya ce "sitanbai", kowa ya shirya ke nan. In ya ce "kiyu", mai karatu ya fara. In ya ce "kot", a yanke wannan hoto a shiga wani. Akwai kuma mutum guda tsaye kusa da kyamara, yana lissafa daƙiƙoƙin da suka rage da yatsunsa, gama in ya yi magana duk ƙasa za ta ji shi.

A nan babu abin zargi. Lokacinsu da daƙiƙa a ke auna shi, in darakta ya tsaya yin dogon bayani, sai hoton ya wuce kafin ya rufe baki. Maƙeri ma in ƙarfe ya yi ja, ba ya tsayawa yi wa yaronsa sharhi, kalma ɗaya zai faɗa a miƙo masa abin da ya ke so. Gajeriyar kalma tsakanin abokan aiki kayan aiki ce kamar awartaki.

Inda laifi ya ke farawa shi ne bakin ƙofa, watau wurin da magana ta ke fita daga ɗakin aiki ta isa ga mai kallo. A ɗauki misali. An sami labarin ambaliya, amma ba a sami hotonta ba tukuna. Al'adar aikin ta yarda a ɗauko tsohon hoto daga ma'aji a nuna, a rubuta wata 'yar kalmar Turanci a gefe mai nuna cewa hoton na ajiya ne. Ma'aikaci ya ga ya fita hakki, tun da ya rubuta. Amma manomin da ke kallo a Gwiwa ko Roni, wanda bai san kalmar ba, ya ga gidaje cikin ruwa ya ɗauka na yau ne, watakila ma ɗansa yana garin da aka ambata. Daren nan ba zai yi barci ba. Ba a faɗi ƙarya da baki ba, amma ƙarya ce ta shiga zuciyarsa, kuma wanda ya nuna hoton ya san haka za ta faru.

Haka kuma kalmar "ana zargi". A wurin ma'aikacin labaru ma'anarta ita ce alƙali bai yanke hukunci ba, mai yiwuwa mutumin ya fita sumul. In aka faɗe ta da sauri, alhali ga hoton mutum da ankwa a hannu, mai kallo zai tashi da cewa an kama ɓarawo. Magana zarar bunu ce. Ko kotu ta wanke shi bayan wata shida, sunan da ya ɓaci a garinsu da wuya ya gyaru.

Wani zai ce, ai wasu abubuwan ba su da suna da Hausa, ya ya za a yi? Amsa ita ce aron kalma ba aibi ba ne. Hausa ta aro littafi da alƙalami da alƙali daga Larabci, ta aro mota da tebur da asibiti daga Turanci, yau kuwa ba wanda ya ke jinsu baƙi. Tun 1955 aka kafa Hukumar Hausa a Arewa, cikin ayyukanta har da neman sunayen sababbin abubuwa. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, shi da gidan rediyon Kaduna sun saba wa kunnen jama'a da kalmomi masu yawa. Dubi "kai tsaye", wadda yanzu ko yaro ya san tana nufin abin yana faruwa ne sa'ad da a ke kallonsa. Wanda ya iya samo wannan, ba zai kasa cewa "wannan hoto na bara ne" ba.

Saboda haka ma'auni guda ne: wa kalmar ta ke yi wa aiki? In tana sauƙaƙa wa abokan aiki aikinsu, madalla. In kuwa an fito da ita gaban jama'a don a nuna an yi boko, ko don a sami mafaka in an zo tuhuma, to, an ci amana. Labari amana ne a hannun mai kawo shi, ba a kuwa ce an isar da saƙo sai wanda aka aiko dominsa ya gane.

Mai kallo ma yana da nasa nauyi. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya iya karatu, in ya ga hoto ya duba rubutun da ke gefe, in ya ji kalmar da bai sani ba ya tambaya kafin ya kai labarin majalisa. Tambaya ba ta rage girman dattijo. Allah ya ba masu faɗa ikon faɗin gaskiya a fili, masu ji kuma ikon tantancewa.