Maganar da Yaro Ke Faɗa wa Kansa



Yaran da muka shigo Gombe da su a 2014, wasu a goye wasu riƙe da hannu, lokacin da rikici ya taso mu daga Borno da Yobe, yau sun zama samari da 'yanmata. Mun yi fafutukar ci da sutura da kuɗin makaranta. To, saura abin da ke cikin ƙirjinsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗaya cikin bakwai masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa na cikin manyansu. Sau da yawa yakan sami gindin zama ne a maganar da yaro ke nanata wa kansa: "Na faɗi JAMB, shi ke nan, ba zan taɓa zama komai ba." "Ni ɗan gudun hijira ne, kowa raina ni yake." Faɗuwar jarrabawa gaskiya ce, amma "ba zan taɓa" ƙari ne. In ya yarda da ƙarin, sai ya ajiye littafi, ya ƙaurace wa abokai, kaɗaicin kuma ya zame masa hujjar cewa ba a son sa.

Malaminmu Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya raba baƙin ciki gida biyu: mai sanannen dalili, wanda ake magancewa da nasiha da gyaran tunani, da mai saukowa haka kawai, wanda ke buƙatar maganin jiki. Kada mu kira shi raunin imani. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari.

Iyaye, don Allah mu bar "kai dai ba ka da amfani" da "dubi ɗan wane". Yaro na ɗaukar bakin iyayensa ya mai da shi nasa. In ya ce "ba ni da rabo", mu tambaye shi a hankali: wa ya nuna maka ƙarshen ƙaddararka?

Wanda ya kai mako biyu ba walwala, barci da cin abinci sun rikice, a kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya ya ga likita, addu'a na tafiya tare da magani. In ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a kwana ba a kai shi ba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya yaye musu ƙunci. Amin.

Sakataren Masallaci