Amanar mai jinya: ko sabo ya isa shaida?

A lardin Samaset, kudu maso yammacin Ingila, ƙauyuka suna warwatse, tsofaffi kuma suna da yawa. Manyan kamfanonin jinya ba su cika son zuwa can ba, domin nisan hanya yana cinye ribarsu. Tun shekarar 2014 hukumar lardin ta shiga ƙarfafa wa mazauna gwiwa su riƙa kula da tsofaffi a gidajensu a matsayin sana'a: mace ɗaya, ko mutum biyu zuwa uku, masu yi wa maƙwabta wanka da girki da rakiya wurin likita. Cikin shekara goma adadinsu ya haura 1000.

Alherin wannan tsari a fili yake. An sha kukan cewa wasu manyan kamfanoni a Ingila suna ƙayyade ziyara da minti 15, kuma fuskar da ta zo yau ba ita za ta zo gobe ba. Alhali wanda tsufa ya kai shi ga a tuɓe shi a wanke shi, babu abin da ya rage masa sai mutuncinsa. Tuɓewa gaban wanda ka sani daban take da tuɓewa gaban baƙo. Ƙaramar mai jinya ta san yadda tsohuwa take son kununta, ita ce kuma za ta fara lura idan ta rage cin abinci ko tafiyarta ta sake.

Sai dai inda ƙarfin yake, nan raunin yake. Dokar Ingila ba ta tilasta wa mutum ɗaya da majiyyaci ya ɗauka da kansa yin rajista a hukumar da ke bincikar masu jinya ba. Idan ya kwanta ciwo, babu mai maye gurbinsa. Idan ya yi kuskuren magani, ko hannunsa ya kai ga kuɗin tsoho mai ruɗewa, babu ido na biyu. Shi kansa yana cikin haɗari: wanda aka mayar ɗan gida yakan rasa bakin neman hutu ko cikon ladansa.

Wannan tambaya ta shafe mu. A Tawa ko Maraɗi, ƴaƴan da neman abinci ya kai Yamai ko Abijan sukan aiko da kuɗi, a ɗauki wata maƙwabciya ta zauna da gyatuma, ko a shirya da wani tsohon malamin asibiti ya riƙa zuwa yin allura. Mun san su, mun san iyayensu. Sanin nan kuwa shi ne ke ɗaure mana harshe. Wa zai iya duban matar da ta yi masa goyo ya ce ta lissafa abin da ta kashe? Kunya takan rufe bakin mai tambaya, tsohuwa kuma takan yi shiru don tsoron kada a bar ta ita kaɗai.

Wani zai ce bincike cin fuska ne ga amana, kuma da zarar takarda ta shigo, zumunci ya fita. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, tun da yawan ƙa'ida na daga cikin abin da ya busar da aikin manyan kamfanoni. Amma mu tuna cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma da muminai take magana, ba da maƙiyan juna ba. Ashe shaida ba zargi ba ce. Garkuwa ce ga mai rauni, kuma ita ce ke wanke mai gaskiya ranar da ƴan'uwa suka fara tsegumi.

Saboda haka abin nema shi ne ƙaramin mai jinya ya zauna da ƙanƙantarsa, amma kada ya zauna shi kaɗai. Littafi ɗaya a ɗakin majiyyaci inda ake rubuta magani da kuɗi, lada da ranar hutu da aka yanke gaban mutum biyu, da wani na biyu da zai karɓa ranar larura: ƙungiyoyin unguwa suna iya tsara wannan ba tare da jiran gwamnati ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle ya ɗauki ran tsohon da ba ya iya kai ƙara.