Idan Ƙari Ya Sauya Halin Mutum

Malaman da suka gabace mu sun daɗe suna saɓani a kan mazaunin hankali, domin an ruwaito cewa Imamu Malik da Imamu Shafi'i sun tafi a kan zuciya ce gidansa, Imamu Abu Hanifa kuwa ya ce ƙwaƙwalwa ce, sai waɗansu suka shiga tsakani suka ce asalinsa yana zuciya, haskensa ne ke hawa zuwa ka. Ɗalibi kan karanta wannan mas'ala a zaure ya wuce, yana zaton ba ta da wata fa'ida illa wasa basira, har ranar da Allah zai jarrabi wani nasa da ƙari a ƙwaƙwalwa.

Masu yi wa irin wannan majinyaci nasiha sukan tsaya a kan haƙuri da tuna mutuwa, kuma ba su yi laifi ba, domin akwai nau'in da likitoci ke kira giliyobilastoma, wanda ko an yi tiyata, an gasa shi da haske, an ba da magani, da wuya mai shi ya cika shekara biyu. Shi ne ajalin Sanata Edward Kennedy a 2009 da Sanata John McCain a 2018, alhali babu asibitin da Amurka ba ta buɗe musu ba. Akwai kuma mai tsirowa a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, wanda galibinsa ba daji ba ne, tun 1879 ma likita William Macewen ya cire irinsa daga kan wata yarinya a Gilasgo, ta kuwa rayu shekaru bayan haka. Sai dai a ganina akwai abin da ya fi tuna mutuwa nauyi, tun da mutuwa kowa ya san tana tafe, shi ne a ga mutum da ransa, yana ci yana sha, amma halinsa ya riga shi tafiya.

A shekarar 2000, a jihar Bajiniya ta Amurka, an kama wani malamin makaranta ɗan shekara arba'in, wanda ba a taɓa saninsa da neman yara da lalata ba, da laifin neman lalata da ƙaramar yarinyar da ke ƙarƙashin riƙonsa. Daren da gari zai waye a tura shi kurkuku sai matsanancin ciwon kai ya kai shi asibiti, inda aka ga tafiyarsa tana tangaɗi, rubutunsa ba ya karantuwa, ko fuskar agogo ba ya iya zanawa. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa sai ga ƙari kamar ƙwan kaza a sashen goshi na dama, wato wurin da likitoci suka tabbatar yana da hannu wajen kame mutum daga abin da ransa ke fizgarsa. Aka cire, mugun halin ya gushe. Bayan 'yan watanni halin ya dawo tare da ciwon kai, aka duba, ashe ƙarin ne ya sake tsirowa. Aka kuma cirewa, ya kuma gushewa. Likitoci biyu, Burns da Swerdlow, su suka wallafa labarin a 2003, kuma abin da ya fi ɗaure kai cikinsa shi ne mutumin ya san sarai abin da yake yi haramun ne, ikon dainawa ne ya kuɓuce masa.

To, ina matsayinsa a shari'a? Fuƙaha'u sun yi ittifaƙi cewa hankali sharaɗin taklifi ne, bisa hadisin nan sananne da ya ɗauke alƙalami daga kan mai barci da yaro da wanda hankalinsa ya gushe. Malaman usulu kuma, musamman Hanafawa, sun buɗe babi sukutum a kan abubuwan da ke bijiro wa cancantar mukallafi, suka rarrabe waɗanda suka zo daga sama da waɗanda mutum ya jawo wa kansa, suka kuma bambanta majanuni da ma'atuhi, wanda hankalinsa ya raunana bai tafi duka ba. Wannan ya nuna magabata ba su ɗauki hankali abu guda da ko dai yana nan ko babu shi ba. Ba kuwa ina nufin kowane azzalumi ya fake da ƙwaƙwalwa ba. Wanda aka cuta haƙƙinsa yana nan, kare shi wajibi ne, kuma mai da'awar lalura sai ya kawo hujjar likita. Abin da nake nufi shi ne mai taƙama da kamun kai da kunya da tsentseni ya sassauta, domin ya ga irin ɗan naman da Ubangiji ya rataya waɗannan ni'imomi a kansa.

A gidajenmu kuwa abin yakan zo da wata siga. Magidanci mai sanyin hali, wanda ba a taɓa jin muryarsa a soro ba, sai a wayi gari yana zagin uwargida a kan gishirin miya, yana manta raka'a nawa ya yi, yana tashi da asuba da ciwon kai da amai, wata rana kuma farfaɗiya ta kayar da shi a bakin rijiya, shi da bai taɓa yin ta ba. Nan da nan a ce iska ce, ko sammu, ko kishiya, a zuba hayaƙi a rubuta allo, wata ya bi wata, zumunci ya lalace a kan zargi, ƙarin kuwa yana can yana girma. Addu'a da ruƙiya babu mai hana su, amma Musulunci da ya umarce mu da neman magani bai yarda a tuhumi bayin Allah da sihiri ba tare da shaida ba.

Saboda haka, ya kai mai karatu, idan ka ga babban mutum ya sauya hali farat ɗaya, ga ciwon kai mai naci, ko gani ya ragu, ko hannu ɗaya ya yi rauni, ka jinkirta fushi da shi, ka kame bakinka daga zargin maƙwabta, ka kai shi asibitin koyarwa mafi kusa a ɗauki hoton kansa tun da sauran lokaci.