A Rubuta, Ko da Tsakanin Miji da Mata Ne

 

Ya 'yan'uwa Musulmi na Damba da kewaye, da ku da ke Tsafe da Bungudu, akwai ɓarnar da ke cin gidajenmu a ɓoye, kuma da hannunmu muke renonta: cakuɗa dukiyar miji da ta mata ba rubutu ba shaida, har ranar da saki ko mutuwa za su zo su tarar ba wanda ya san nasa.

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take magana. Allah Ya umarci muminai su rubuta bashin da aka yanka wa lokaci, a samu marubuci adali, a kafa shaidu, kuma Ya hana mu ƙosawa da rubutun, kuɗin kaɗan ne ko masu yawa. Mafi yawan malamai sun ɗauki umarnin a matsayin shiryarwa, ba wajibi ba. To wane mai hankali ne Ubangijinsa zai shiryar da shi, ya ce shi kunya yake ji? Kuma ayar ba ta ware miji da mata ta ce ban da su ba.

Ku dubi yadda abin yake faruwa. Baiwar Allah tana cikin gida tana suyar ƙuli-ƙuli, tana matsar man gyaɗa, tana zubin adashi. Ta kwashi adashi ta sayi tunkiya, tunkiya ta hayayyafa, aka sayar aka sayi karsana, aka kai ta ƙauye cikin shanun maigida. Damina ta faɗi, maigida ya ce, "Ara mini abin da ke hannunki in sayi taki, da kaka in biya ki." Kaka ta yi, aka kai hatsi rumbu, shiru. Ita ba ta tambaya ba don kada a ce ta cika son abin duniya; shi bai tayar da maganar ba don a ransa ai duk abu ɗaya ne. Bayan shekara goma rai ya yi halinsa. 'Yan'uwan mamaci suka zauna lissafin gado, suka haɗa da saniyarta da 'ya'yan saniyar. Ta ce tata ce. Aka ce, "Wa ya shaida?" Rabonta a shari'a, in mamacin yana da 'ya'ya, tumuni ne, kashi ɗaya cikin takwas. In matan huɗu ne, wannan tumunin za su raba, kowacce ta tashi da kashi ɗaya cikin 32. Ke nan daga cikin guminta aka tsakuro mata, sauran kuwa ya shiga cikin marayu, suna cin haram ba su sani ba. Wa ya ciyar da su? Ubansu, da ya ƙi ɗaukar alƙalami.

Wannan zamani kuma ya ƙaro mana wata jarrabawa. In aka sace magidanci a gona ko a kan hanya aka nemi kuɗin fansa, wa ke fara kwance 'yan kunnenta? Wa ke fitar da katifa da kwanuka da keken ɗinki a kai kasuwa? Matarsa. A wannan sa'a ba mai maganar rubutu, kuma ba wanda zai zarge ta. Amma in Allah Ya kuɓutar da kai ka dawo gida, ka huta, sai ka zaunar da ita ka tambaye ta: abin nan da kika sayar, kyauta kika yi ko rance? In ta ce kyauta ce da daɗin rai, Allah Ya saka mata. In ta yi shiru ta sunkuyar da kai, ka san amsar. Ka rubuta shi bashi a wuyanka. Abin kunya ne mace ta fanshi mijinta da kayan ɗakinta, in ya farfaɗo ya ƙaro aure, sannan wata rana ya sake ta ta fita da ƙullin tsummokara.

Ku sani, aure bai mallaka wa miji dukiyar matarsa ba. Sadaki nata ne, ba na uba ba, ba na waliyyi ba. Suratun Nisa'i ta halatta wa miji ya ci daga ciki ne kawai in ta ba shi da yardar zuciyarta, kuma ta hana shi karɓe abin da ya bayar, ko da tarin dukiya ne, don yana son sauya mata. Zainab, matar Abdullahi ɗan Mas'ud, ta aika a tambayar mata Manzon Allah (SAW) ko za ta iya ba mijinta sadaka, aka ba ta amsa cewa tana da lada biyu, na zumunta da na sadaka. Da abin hannunta na miji ne, ta yaya za ta yi masa sadaka da shi? Iyakar abin da malaman Malikiyya suka ba miji shi ne ya hana ta kyautar da abin da ya wuce sulusin dukiyarta. Hana almubazzaranci ke nan, ba izinin ci ba.

Wani zai ce ai littattafan fiƙihu sun warware rigimar kayan gida. Haka ne. A Muhtasar na Shehu Halilu, in ma'aurata suka yi jayayya ba shaida, abin da al'ada ta san na mata ne a ba matar ta rantse, sauran a ba mijin ya rantse. Gado da kumbo da tasoshi ba su da wuyar ganewa. To firji fa? Injin markaɗe? Babur ɗin da ta saya aka ba ƙanin miji yana haya? Filin da ta biya a bayan gari? Ita tana kulle, maigida ta aika, shi kuma da aka tambaye shi sunan da za a sa a rasit ko takardar ciniki sai ya ba da nasa, wataƙila ma ba da mugun nufi ba. Ranar shari'a wannan takarda ce za ta yi magana.

Kada maza su ɗauka rubutun nan mata kaɗai yake karewa. Akwai wanda ya yi gini a filin matarsa, aure ya mutu, ya rasa bulo ko ɗaya. Akwai wanda aka nemi hul'i a hannunsa, aka shafe watanni ana musu kan nawa ne sadakin da kuma me ya shiga lefe.

Mu a Zamfara muna alfahari cewa a Gusau aka ƙaddamar da shari'a a watan Oktoba 1999, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, ta fara aiki a Janairu 2000. Kotuna suna nan. Sai dai alƙali bai san gaibu ba. Manzon Allah (SAW) da kansa ya gargaɗi sahabbai cewa yana hukunci ne da abin da ya ji, kuma wanda iya baki ya sa aka yanka masa haƙƙin ɗan'uwansa, wuta aka yanka masa. Maroko, ƙasar Malikiyya irinmu, ta sa a dokar iyalinta ta 2004 cewa kowane ɗaya daga ma'aurata dukiyarsa daban take, kuma suna iya rubuta takarda ta dabam kan yadda za su tafiyar da abin da suka samu a zaman aure. Saboda haka kada wani ya tsorata ku da cewa wannan al'adar Turawa ce.

Amma akwai iyaka. Ba a rubuta cewa miji ya sauke nauyin ci da sha da tufafi. Ba a rubuta cewa wance ba za ta ci gado ba, ko a fake da yarjejeniya a tattara wa amarya komai don a hana 'ya'yan uwargida. Babu wasiyya ga magaji, kuma wasiyya ba ta wuce sulusi. Takardar da ta halatta haram ba ta da daraja ko da limamai goma suka sa hannu.

Aikin ba shi da wuya. Kafin ɗaurin aure, waliyyai su rubuta sadaki: nawa ne, lakadan ne ko ajalan, in akwai saura yaushe za a biya. Iyayena mata, ranar jere ku sa a lissafa kayan ɗaki a takarda biyu, ɗaya a gidanku ɗaya a hannun ango. In amarya ta zo da dabba ko gona ko sana'a, a ambata. Bayan aure kuma, littafin rubutu irin na 'yan makaranta ya isa, da boko ko da ajami: kwanan wata, adadin kuɗi, rance ne ko kyauta ko jarin haɗin gwiwa, yadda za a raba riba, da sunayen shaidu adalai biyu, zai fi kyau ɗaya daga danginta ɗaya daga naka. Limamai, ku riƙa tambayar wannan kafin ku shafa fatiha.

Kai kuma Alhaji da ka san akwai kuɗin uwargida a cikin ginin gidanka tun shekarun baya, ka kira ta yau bayan isha'i, ka kira wanta da ƙaninka, a faɗi adadin a gabansu. In kana da shi ka biya. In babu, a rubuta, domin bashi ake fara fitarwa daga dukiyar mamaci kafin magada su taɓa komai.