Biyayya da Gaskiya: Darasi Daga Rayuwar Mary MacKillop

Tun muna yara ake gaya mana cewa bin na gaba bin Allah ne. To, amma in na gaban ya kauce hanya fa? Wannan tambaya ce ta sa muka waiwayi tarihin wata malamar makaranta 'yar ƙasar Ostireliya, wato Mary MacKillop, wadda aka haifa a Melbourne a 1842.

A 1866, ita da wani limamin Katolika, Julian Tenison Woods, suka buɗe makaranta a wani tsohon bargar dawaki a garin Penola, domin 'ya'yan talakawa. Daga nan ƙungiyar mata masu zuhudu ta Sistocin Waliyyi Yusufu ta samo tushe, makarantunsu kuwa suka yi ta yaɗuwa a ƙauyuka.

Sai jarrabawa ta zo. A 1871 Bishop Laurence Sheil na Adelaide ya nemi a canza dokokin ƙungiyar, yadda limamai za su riƙa juya sistocin. Mary ba ta amince ba, shi kuwa ya yanke ta daga cocin, bisa zargin rashin biyayya. Abin lura a nan shi ne yadda ta ɗauki hukuncin. Ba ta janye daga abin da ta ga shi ne daidai ba, kuma ba ta ci mutuncin bishop ɗin ba, balle ta ɓalle ta kafa nata cocin. Bayan wata biyar, yana gab da rasuwa a 1872, ya janye hukuncin.

Mu kan ɗauka hanya biyu ce kawai gaban wanda aka zalunta: ko ya sunkuyar da kai, ko ya yi tawaye. Wannan mata ta nuna akwai ta uku, wadda ta fi wuya, wato ka ce "a'a" ga umurni ba tare da ka tozarta mai umurnin ba.

Ta rasu a 1909. Cocin da ya taɓa korar ta shi ne ya ɗaukaka ta: Paparoma John Paul na Biyu ya sanya ta cikin masu albarka a 1995, Paparoma Benedict na 16 ya ayyana ta waliyyiya a 2010, ta farko daga Ostireliya.

Sai dai kada mu ce sakamakon ne ya wanke ta. Ranar da ta ƙi, ba ta san za a yi haka ba. Mu ma, in shugaban makaranta ko na ofis ya sa mu abin da zuciyarmu ta ƙi, ba za a nuna mana ƙarshen labari kafin mu ba da amsa ba.