Busasshen Itace Ake Kafa wa Tumatir

Karatun yau: Fitowa 17:8-13

Tumatirin rani, irin na Kadawa da Kura, yawanci a kwance ake barinsa, domin ƙasa a bushe take. Na damina kuwa, wanda mutanenmu na Filato da kudancin Kaduna ke yi a bayan gida, ba ya jure haka. Da 'ya'yan sun taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa sai su ruɓe, ruwan sama kuma ya riƙa fantsamo laka a ganye, cuta ta shiga. Dole a kafa masa sanda. Ka lura fa, ɗan'uwa, tumatirin da bai haihu ba yana tsaye abinsa. Wanda ya cika da 'ya'ya shi ne ke kifewa, nauyin albarkarsa ne ke kai shi ƙasa.

To, wace sanda? Gora da ta ƙosa ita ce kan gaba, ga ƙarfi ga rashin nauyi, kuma in an adana ta a inuwa za a sake mora baɗi. Reshen dogonyaro ma yana yi, gara ba ta cika damunsa ba. Itacen turare a miƙe yake, sai dai a ɓare ɓawon. Karan dawa shi ne na mai ƙaramin ƙarfi, ba a raina shi, amma kafin ruwan Agusta ya wuce gara ta gama da gindinsa, iska ɗaya ta zubar da shi tare da abin da ya ɗauka. Shi ya sa tsofaffi ke babbake gindin sanda a wuta kafin su kafa.

Wanda ya fi yaudara shi ne ɗanyen reshe: na rogo, na zogale, na cediya, na bini-da-zugu. Yana kusa, ga shi kore shar, adda ɗaya ta isa. Ka kafa shi a ƙasar damina, ba da daɗewa ba sai ka ga ya tsiro. Ya yi saiwa, yana shan takin da ka zuba wa tumatir, ganyensa ya tare masa rana. An kawo shi riƙo, ya koma kishiya.

Mutum ma yana bukatar mai riƙe shi. Ranar yaƙi da Amalekawa a Refidim, Joshuwa na fili da mayaƙa, Musa na kan tudu da sanda a hannu. Muddin hannuwansa na sama, Isra'ila ke da rinjaye. Da sun sauka sai abokan gaba su taso. Hannu kuwa nama ne, ya gaji. Haruna da Hur suka kawo dutse ya zauna, wannan ya riƙe hannu ɗaya, wancan ya riƙe ɗaya, har faɗuwar rana. Ka tuna Haruna yayan Musa ne, ya girme shi da shekara 3, kuma shi ne mai bakin magana. Da ya so, ai sai ya ce, “Ƙanena, kawo sandar nan na karɓe ka.” Bai ce ba. Ya yini a tsaye yana ɗaga hannun ƙaninsa. Hur kuwa, sunansa ma bai cika fitowa ba bayan wannan rana. Amma Harunan nan dai, a Littafin Ƙidaya sura 12, shi da Maryamu suka soma gunaguni a kan Musa, suna neman a san cewa su ma Allah na magana da su. Ɗanyen reshen bai gama bushewa ba ke nan, kuma a ganina babu ɗayanmu da zai bugi ƙirji ya ce nasa ya gama.

Akwai kuma lokaci. Ana kafa wa tumatir sanda mako 2 zuwa 3 bayan dashe, kamar taƙi ɗaya daga gindi, mai tsawon mita ɗaya da rabi, a nutsa ta sosai. In ka bari sai tsiron ya kwanta, sandar za ta tsinka saiwa, reshe kuma ya karye wajen ɗagawa. Mu kuwa mun saba jira sai fasto ya kwanta ciwo, ko uwar zumunta ta ajiye aiki don gajiya, sa'an nan mu taru da ledar lemo muna sannu.

Ɗaurin ma da nasa salon. Waya da zaren leda suna yanka kara yayin da yake kauri. Tsumman tsohuwar atamfa ya fi, ko igiyar rama, a ɗaure sandar tamau, a bar wa tsiron sarari kamar shigar yatsa. Wani taimakon shaƙewa ne. Kullum sai an tuna maka an yi maka.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka nuna mini yau wanda hannunsa ya soma sauka, a gidana ko a ikilisiya, tun bai faɗa ba. Ka cire mini son a ambaci sunana. In kuwa ni ne na gaji, ka ba ni tawali'un zama a kan dutsen, na bari a riƙe ni. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.